Labarin Ɓargo, A Tambayi Fata

Iyayena mata, yayyena da ƙannena da ke cikin gida, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a cikin shirinmu na wannan mako. Ina gaida na Kankiya da Rimaye da Kafin Soli da Tafashiya, ina gaida na Kusada da Mawashi da Yashe da Dudunni, da duk inda muryata ta kai. Ya gida, ya yara, ya maigida? Mai surfe ta ɗan jingine taɓarya, mai ɗinkin hula ta jawo rediyo kusa, don zancenmu na yau yana son natsuwa.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To likitoci ma suna da tasu irin wannan: wani lokaci labarin ɓargo, fata ce ke fara ba da shi. Akwai ƙurajen da ke fesowa da zazzaɓi, akwai gyambon da ke ƙin warkewa, a sha magani a shafa magani shiru, alhali tushen ciwon yana can cikin ƙashi, inda ake yin jini. Dalilin da ya sa na kawo muku wannan magana shi ne, ku ne masu jinya. Ke kike wa yaro wanka, ke kike ganin bayan maigida da ba ya iya gani da kansa, ke kike shafa wa surukarki mai a ƙafa. Abin da idonki ya gani yau, likita ba zai gan shi ba sai an kai masa.

Amma tun kafin mu yi nisa, kada hankalin kowa ya tashi. Mafi yawan ƙurajen da muke gani a gidajenmu ba su da wata alaƙa da ɓargo. Ƙurajen zafi ne, ko ƙazuwa, ko makero, ko ƙyasbi, ko kaushin hunturu, ko fata ce ta ƙi jinin wani sabulu ko baƙin lalle. Waɗannan da magani da tsafta sai su wuce. Cututtukan da za mu tattauna ba su da yawa. Sai dai in sun zo, jinkiri shi ne babban abin da ke cutar da mai su.

Mene ne aikin ɓargo?

Kowace mace ta san ɓargo, wannan da yara ke rububin tsotsa in an fasa ƙashin miya. Wancan na ƙashin ƙafar sa galibinsa kitse ne. Akwai wani kuma ja, wanda a jikin babban mutum yake zaune a ƙashin ƙugu da na ƙirji da haƙarƙari da gadon baya. Shi ne madafin jiki, a nan ake girka jini dare da rana. Kuma tukwane uku ne a kan murhu.

Tukunya ta farko jajayen ƙwayoyin jini ce, masu ɗaukar iskar da muka shaƙa su kai ta ko'ina a jiki. Kowace ɗaya kwana 120 take yi ta mutu, don haka ɓargo yana fitar da sabbi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Ikon Allah ke nan. In suka yi ƙaranci sai ki ga mutum ya ɗashe, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ɗan tsakar gida in ya taka sai haki.

Tukunya ta biyu fararen ƙwayoyin jini ce. Su ne dogaran jiki, masu faɗa da ƙwayoyin cuta. Su ake nufi in an ce garkuwar jiki.

Ta uku wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu tsayar da jini in an ji ciwo. Kwanansu bai wuce 7 zuwa 10 ba. In suka yi ƙasa sai haɓo, sai dasashi ya riƙa jini, sai al'ada ta zo kamar an buɗe famfo, sai ki ga tabo baƙi-baƙi a jiki ba tare da an buge ba.

To ina ruwan fata da wannan? Ga yadda abin yake. Idan ɓargo ya samu matsala, fararen ƙwayoyin da yake fitarwa sukan fito da tawaya. Kamar karen da aka ajiye don gadi ne, ya wayi gari ba ya bambance ɓarawo da ɗan gida. Sai su yi dafifi su faɗa wa fata, ko gaɓoɓi, ko ido, ko jijiyoyin jini, alhali babu wata ƙwayar cuta a wurin. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya yi zogi. Wannan shi ne ake kira garkuwar jiki ta juya wa mai ita. Wani lokaci kuma abin daga ɗaya ɓangaren yake farowa: garkuwar ce ke fara rikicewa, sannan ta shiga cinye ƙwayoyin jinin da ɓargo ya sha wahalar yi. Ko ta ina aka faro, fata da jini tare suke kuka.

Ƙuraje masu zogi da zazzaɓi

A shekarar 1964 wani likitan fata a garin Filimos na ƙasar Ingila, Dakta Robert Sweet, ya ba da bayanin mata 8 da suka zo masa da ciwo iri ɗaya. Har yau da sunansa ake kiran ciwon, cutar Sweet. Farat ɗaya take zuwa. Zazzaɓi mai zafi, sai wasu tudu-tudu su taso a hannu ko wuya ko fuska, kamar an ɗora kwabo a ƙarƙashin fata. A jikin Bature ja suke, amma a irin fatarmu sukan yi duhu ne, su yi sheƙi kamar ruwa ya taru a ciki. Abin lura, sun fi zogi a kan ƙaiƙayi, ko zane ya goga sai mutum ya yi tsaki. Sau da yawa ido yakan yi ja, gaɓoɓi su yi ciwo.

Ta fi kama mata 'yan shekara 30 zuwa 60. Wata bayan mura ko gudawa take zuwa mata, wata da juna biyu, wata kuma wani magani ne ya tayar da ita. Irin waɗannan in an yi magani shi ke nan. Amma kusan mutum 1 cikin 5 masu wannan ciwo, akan tarar akwai ciwon daji a ɓoye, kuma mafi yawa na jini ne, wato na ɓargo. Wani lokaci ƙurajen sukan riga ciwon jinin bayyana da watanni. Kun ga ke nan fata ta yi aikin ɗan aike. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan ƙurajen, sai ya duba jini, kuma ya ce a dawo a sake dubawa ko da an warke.

Gyambon da ba ya son wuƙa

Na biyu wani gyambo ne da likitoci ke kira fayodama. Yakan fara kamar ɗan maruru ko cizon ƙwaro, galibi a ƙwauri. Cikin 'yan kwanaki sai ya fashe ya yi ta faɗi, bakinsa ya yi duhu, ya zaizayo ta ƙarƙashi kamar gaɓar rafi da damina. Zoginsa ya fi girmansa, har barci yake hanawa. Kusan rabin masu shi akwai wani ciwo a tare da su: ko ciwon kumburin hanji, ko na gaɓoɓi, ko na ɓargo.

Ku saurara da kyau a nan, iyayena. Wannan gyambo yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya ji wa fata rauni, ƙara masa ƙarfi yake. In an tsaga, ya faɗaɗa. In an yi sakiya, ya faɗaɗa. In an kankare, ya faɗaɗa. Ko wurin da aka yi allura ko aka yi tiyata yana iya zama sabon gyambo. Wata ma a bakin ɗinkin haihuwa yake fito mata, a yi ta zaton ɗinkin ne ya ruɓe. To ku duba al'adarmu. Da an ga ƙurji ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a ce daji ne, a kira wanzami, a tsaga a zuba gari. Ga mai irin wannan ciwo, an zuba wa wuta kananzir ke nan. Wanzamai iyayenmu ne, suna da nasu amfani a gari, amma wannan ba hurumin aska ba ne.

Kada kuma mu rikita shi da gyambon da muka fi sani. A Nijeriya ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da amosanin jini, wato sikila, a kowace shekara, kuma wasunsu in sun tasa sukan yi gyambo a kusa da idon sawu, saboda jinin ba ya gudu sosai a ƙananan jijiyoyi. Mai ciwon sukari ma yana yin nasa a tafin ƙafa ko yatsu. Kowanne maganinsa daban. Ido kaɗai ba ya raba su, sai gwaji.

Idan ɓargo ya gaji

Akwai wani ciwo da likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa uku, MDS. Mu ce masa lalacewar ɓargo. Madafin yana nan, wuta na ci, amma abin da ake saukewa ɗanye ne ko ƙonanne. Ƙwayoyin jinin sukan mutu tun kafin su fito, waɗanda suka fito kuma ba su da ƙwari. Ya fi samun dattawa, daga shekara 60 zuwa sama. Alamarsa ta farko ƙarancin jinin da ba ya jin magani: an sha maganin ƙarin jini, an ci zogale da hanta da alayyafo, an ma yi ƙarin jini a asibiti, bayan 'yan makonni an koma gidan jiya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi yakan rikiɗe ya zama sankarar jini. Kuma a cikin kowane mutum 10 masu shi, ana samun 1 ko 2 da garkuwar jiki ke juya musu, su yi ƙuraje, ko kumburin gaɓoɓi, ko zazzaɓin da ba a gane kansa ba.

Haɗarin a nan shi ne mu ce tsufa ne. Baba ya rame, tsufa ne. Inna ba ta iya tashi alwala sai an kama ta, tsufa ne. Tsufa gaskiya ne, amma tsufa ba ya kawo zazzaɓi kullum da yamma, ba ya sa dasashi jini.

A shekarar 2020 likitocin babbar cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka suka gano wani ciwo da a da ba a san sunansa ba, suka sa masa VEXAS. Sun fara bayaninsa ne a kan maza 25, dukkansu manya. Shekara da shekaru irin waɗannan mutane suna yawo tsakanin likitan fata da na gaɓoɓi da na huhu, kowa na maganin nasa ɓangaren, ashe tushen ɗaya ne: wani ɗan canji da ke faruwa a cikin ƙwayoyin ɓargo bayan mutum ya manyanta. Ba a haihuwar mutum da shi, kuma ba ya gadar wa 'ya'yansa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2023 ya ƙiyasta cewa yana samun kusan namiji 1 cikin 4,000 na waɗanda suka haura shekara 50. Mata ba safai yake kama su ba. Alamominsa su ne zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ƙuraje masu zogi, da ƙarancin jini, da tari ko haki, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Akwai kuma wata alama da matar gida za ta riga kowa gani: guringuntsin kunne ko karan hanci ya kumbura ya yi zafi, har maigida ya kasa kwanciya ta wannan gefen, ko hula ta dame shi. In kin ga haka tare da ɗashewa da kasala, kada ki bari a tsaya ga man zafi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, in ciwo ya ƙi ganuwa, ba shi ke nuna jifa ba ne. Ga ƙasar da ta fi kowa kayan aiki, sai shekaran jiya ta gano wannan. Ilimi ne bai kai ba a lokacin.

Lufus, ciwon da ya fi son mata

Yanzu ga namu. Lufus ciwo ne da garkuwar jiki ke faɗa wa sassa da yawa a lokaci ɗaya. A cikin masu shi 10, 9 mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma ya fi yawa da tsanani a jikin baƙar fata. Ba daga ɓargo yake farowa ba, amma yana cinye jajayen ƙwayoyi da farare da masu tsayar da jini, don haka a gwaji yakan yi kama da ciwon ɓargo, sai likita ya tantance.

Alamominsa: ƙuraje ko duhu a kan kumatu biyu da karan hanci, wanda rana ke tayarwa, ko da ta shanya ce a tsakar gida. Zubewar gashi, har kitso ya gagara. Gyambon baki marar zafi sosai. Ciwon yatsu da wuyan hannu, musamman da safe. Gajiya marar dalili. In ya taɓa ƙoda sai fuska da ƙafa su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa. Wasu masu shi sukan yi ta ɓari a kai a kai, saboda jininsu na saurin daskarewa a mahaifa, kuma wannan yana da magani in an gano. Mata nawa aka yi wa gorin ɓari, ko aka ɗora wa kishiya laifi, alhali gwajin jini ne ba a yi ba?

Wani nau'insa yakan bar tabo fari-fari a fuska ko kunne ko ƙoƙon kai. Sai a fara raɗe-raɗin kuturta, a ware mata kwano da buta. Ku sani, tabon kuturta galibi ba ya jin taɓi, in an shafa auduga a kai mai shi ba ya ji. Ita ma kuturtar tana warkewa, maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati. Shi kuwa lufus, da cutar Sweet, da fayodama, da lalacewar ɓargo, babu ɗaya da ake ɗauka. Ba a ɗauka ta kwano, ba a ɗauka ta shimfiɗa, ba a ɗauka ta nono. Mai lufus tana aure, tana haihuwa, sai dai ana so ciwon ya lafa kamar wata 6 kafin ta ɗauki ciki, kuma ta riƙe awo da kyau.

Yaushe za a tashi tsaye?

Ga ma'aunin da za ku riƙe. Ciwon fata shi kaɗai, a gwada asibitin kusa. Amma ciwon fata in ya zo da rakiya, to a nemi gwajin jini. 'Yan rakiyar su ne: zazzaɓin da ya wuce mako 2, an yi maganin cizon sauro da na taifot bai sauka ba, ɗashewa da haki, haɓo ko jinin dasashi ko al'ada mai yawa fiye da yadda aka saba, ɗige-ɗige ja ko baƙi a ƙafa waɗanda ba sa ɓacewa in an danna, rama da gumin dare, kaluluwa a wuya ko hammata da ta ƙi sauka, nauyi a gefen hagu na ciki, wajen saifa, ciwon ƙashi da ke tayar da yaro daga barci. Haka kuma duk gyambon da ke faɗi ana cikin shan magani, ko wanda ya yi wata guda bai kama hanyar warkewa ba.

In kuwa jini ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi wuya, ko mai jinya ya fara rikicewa, wannan ba ya jiran gari ya waye.

Ina za a nufa, me za a yi?

A fara da asibitin da ke kusa, daga nan Babban Asibitin Kankiya. Akwai gwajin da aka fi sani, wanda ake cewa PCV, shi yawan jajayen ƙwayoyi kaɗai yake nunawa, tukunya ɗaya cikin uku. Wanda ake buƙata a nan shi ne mai ƙirga duka ukun, a takardar asibiti ana rubuta shi FBC. Ki riƙe haruffan nan, ko ki sa ɗan makaranta ya rubuta miki. Ba rashin kunya ba ne ki ce, “Likita, don Allah ko za a duba mana jinin gaba ɗaya?” Matambayi ba ya ɓata. Likita zai iya haɗawa da gwajin sukari da na sikila da na ƙanjamau da na tarin fuka, don su ma suna kawo irin waɗannan alamu. Kada wannan ya ɓata wa kowa rai, tankaɗe ne ake yi don a ware tsaki da gari.

In sakamako ya nuna akwai abin dubawa, za a tura ku gaba. Allah Ya sa Kankiya tana kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya kafin a ɗaga darajarsa a 2022. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya kuma akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A irin waɗannan wurare ake samun likitocin jini da na fata. Ku karɓi takardar turawa, ku tafi da duk sakamakon gwajin baya, da kwalayen duk maganin da aka sha ko aka shafa, har na gargajiya. Mai waya ta ɗauki hoton ciwon duk bayan kwana biyu, don likita ya ga yadda yake tafiya. Kuma a faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wataƙila a ce za a yanki ɗan ƙanƙanin fata a duba, ko a ɗebi ɓargo. A nan ne mutane ke gudu, wai za a zuƙe wa mutum laka ya shanye. Ku bambance: laka daban, ɓargo daban. Laka ita ce igiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta gadon baya, ba a zuwa kusa da ita. Ɓargo kuwa daga bayan ƙashin ƙugu ake ɗiba, bayan an yi allurar kashe zafi. Abin da ake ɗiba ɗan kaɗan ne, aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma jiki yana mayar da shi cikin 'yan kwanaki.

Magani, da abin da ke ɓata magani

Maganin farko na yawancin waɗannan kumburi shi ne wanda ake kira sitiroyid, irin su firednisolon. A cutar Sweet, cikin kwana 2 ko 3 zazzaɓi kan sauka, ƙuraje su fara kwanciya. Mai lufus akan ɗora ta a kan wani ɗan'uwan kulorakwin, ta daɗe tana sha, ana duba mata ido lokaci-lokaci. Mai lalacewar ɓargo akan taimaka masa da ƙarin jini da allurai masu ƙarfafa ɓargo, wani kuma da magungunan sankara. Akwai ma dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila. Yana da tsada da haɗari, ba kowa ya dace da shi ba. Gaskiyar magana, wasu daga cikin cututtukan nan ana warkewa sarai, wasu kuwa lallaɓa su ake yi kamar hawan jini. Amma ko wanda ba ya warkewa, gano shi da wuri yana sayen lafiya da kwanaki masu daɗi.

Sai dai sitiroyid wuƙa ce mai baki biyu. Shi ne fa a cikin ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, shi ne a cikin da yawa daga mayukan bilicin da haɗe-haɗen da dillalai ke shigo mana da su har ɗaka. In aka sha ko aka shafa ba bisa ƙa'ida ba, yana lafar da ƙuraje na ɗan lokaci, ya ɓoye ciwon, har in an je asibiti gwajin ya rikice. Yana kawo sukari da hawan jini, ya sa fata ta yi sirara ta yi nankarwa, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda kuma likita ya ɗora a kansa, kada ta yanke shi rana ɗaya don ta ji sauƙi. A hankali ake rage shi, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum.

Sauran abubuwan kiyayewa: kada a sayi kulorafenikol a kemis a sha don an ji zazzaɓi, don a wasu mutane, ko da ba su da yawa, yana kashe ɓargo ɗungurungum. Wanda aka ce masu tsayar da jininsa sun yi ƙasa, ya nisanci asfirin da dangoginsa na ciwon jiki sai da izinin likita, kuma ba ƙaho, ba tsaga, ba cire beli. Ku ja kunnen samarinmu masu sayar da fetur a galan su daina zuƙo shi da baki ko wanke hannu da shi, don akwai wani sinadari a cikinsa, benzin, da aka tabbatar yana lalata ɓargo. Shi ma hayaƙin taba yana ɗauke da shi. Maganin feshin gona kuma a raba shi da ɗakin kwana da rumbun abinci, kada a mayar da jarkarsa ta ruwan sha.

Saƙo zuwa ga iyayen gida

Na san akwai mazan da ke jin mu daga zaure ko daga bakin kasuwa. Ranku ya daɗe, mace a cikin gida ba ta fita sai da izininku, kuma wannan amana ce a wuyanku. In ta ce ga abin da ta gani a jikinta ko jikin yaro, a saurare ta. Kuɗin gwajin jini bai kai abin da ake kashewa a yawon magani na wata shida ba. In an ce ana neman jini, ku da 'yan'uwanku ku miƙa hannu, namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata 3, jikinsa ya mayar. Kuma macen da ciwo ya sauya wa fuska, lokacin ne ta fi bukatar mijinta, ba lokacin tura ta gidansu ba ne.

Ku kuma 'yan'uwana, ki samu lokacin da maigida ya ci ya sha ya natsu, ki faɗa masa dalla-dalla: yaushe abin ya fara, me aka sha, me ya ƙaru. In nauyi kike ji, ki bi ta wajen uwar miji ko wata babba da yake jin maganarta. Addu'a da tofi muna yi, ba ma fasawa, malamanmu kuma sun karantar da mu cewa neman magani ba ya rage tawakkali. Abin da za mu guje shi ne zargin kishiya ko maƙwabciya a kan ciwon da Allah Ya ɗora, mu raba zumunci, ciwo kuma yana can yana ci.

To jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Abin da za ku riƙe kaɗan ne: ƙurji ko gyambo in ya zo da zazzaɓi, ko ɗashewa, ko zubar jini, a duba jini duka ukun. Kada a tsaga, kada a shafa haɗin da ba a san kansa ba, kada a ware marar lafiya. Wadda ta ji, ta faɗa wa wadda ba ta ji ba, a gidan suna ko a islamiyya. Mai tambaya ta aiko da wasiƙa ko saƙon waya, za mu miƙa wa likita, mu karanto amsa a shiri na gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya raya mana zuri'a. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.